Ko Bashin Makaranta Yana Tsufa? Yadda A Ke Yi A Amurka

Duk malamin da ya taɓa riƙon littafin kuɗin makaranta ya san shafin nan da ba a son buɗewa, watau shafin waɗanda ba su biya ba. Shekara ta kan juyo a kwashe sunayen a kai sabon littafi, wata ta juyo a sake kwashewa, har a wayi gari ba wanda ya san inda masu sunayen su ke. A wurinmu dai maganar ba ta da tsawo: bashi yana wuyan mai shi har ya biya ko a yafe masa, in ma ya rasu sai an fid da shi daga dukiyarsa kafin a raba gado. Mutanen Amurka kuwa sun yanka wa abin wa'adi. Tun da ya ke 'ya'yanmu suna zuwa can neman ilmi, ya kamata mu san iyakar abin da wa'adin nan ya ke kashewa, da abin da ya ke bari da rai.

A ce ɗalibi ya shiga jami'a, tsakiyar zango kuɗi ya yanke masa, ya tattara kayansa ya tafi, an biyo shi dala 2,000. Jami'a ta kan aika masa da takarda sau biyu ko uku, sa'an nan ta miƙa maganar ga kamfanin da sana'arsa ke nan karɓar bashi. Daga ranar da ya kasa biya a ke fara ƙidaya.

Wa'adi na fari na kotu ne. Asalinsa daga Ingila ya ke, inda dokar 1623 ta ba mai bin bashi shekara 6 ya kai ƙara. Dalilin kuwa a fili ya ke: in an daɗe, shaidu su kan mutu, rasit ya kan ɓace, alƙali ya rasa abin kamawa. A Amurka kowace jiha da nata. Kalifoniya ta sa shekara 4 ga yarjejeniyar da aka rubuta, 2 ga ta baka. Texas ta sa 4. New York ta sa 6, amma a 2022 ta rage shi zuwa 3 ga bashin da mutum ya ci don bukatun kansa.

To, a nan ne mutane da yawa su ke ruɗewa. Cikar wa'adi ƙofar kotu kaɗai ta ke rufewa, bashin kansa yana nan. In ban da jihohi kaɗan, kamar Wisconsin da Mississippi, inda doka ta ce ya mutu ɗungum, mai bin bashi yana da ikon ya ci gaba da aiko da takarda yana neman abinsa. Gaskiya ne, tun watan Nuwamba na 2021, ƙa'idar Gwamnatin Tarayya ta hana kamfanonin karɓar bashi kai ƙara a kan bashin da wa'adinsa ya wuce, ko ma tsorata mutum da cewa za su kai. Amma in sammaci ya zo duk da haka, a yawancin wurare ba alƙali ne zai duba kwanan wata ba. Wanda aka kai ƙara shi zai je ya ce lokaci ya wuce. In ya zauna gida yana cewa ai wannan tsohon zance ne, sai a yanke hukunci a bayan idonsa, a fara yankar albashinsa.

Akwai kuma wani rami da ya fi wannan zurfi. A jihohi da yawa, in mutum ya biya ko da dala 10 a kan tsohon bashi, ko ya sa hannu a takarda cewa ya yarda ana binsa, sai ƙidaya ta koma farko. Mai karɓar bashi ya san haka sarai, shi ya sa ya kan zo da lallashi, ya ce a ba da ɗan abin da ya sawwaƙa don a ga alamar niyya. A ganina wannan shi ne wuri mafi muni a tsarin duka, gama mai kunya da son sauke nauyi shi ya ke faɗawa, mai taurin kai ya wuce lafiya. New York ta toshe wannan hanya a dokarta ta 2022.

Wa'adi na biyu ba ruwansa da kotu. A Amurka akwai manyan kamfanoni uku, Equifax da Experian da TransUnion, masu ajiye labarin yadda kowa ya ke biyan bashi. Daga labarin nan a ke fid da maki, wanda aka fi sani yana tashi daga 300 zuwa 850. Banki ya kan duba kafin ya ba da rance, mai gidan haya ma haka. Watau abin da a kasuwarmu dillali zai raɗa maka a kunne, cewa wane ba ya biya, su sun mai da shi rajista. Dokar 1970 ta ce baƙin tabo irin wannan ba zai wuce shekara 7 a rajistar ba, kuma ana fara lissafi ne bayan kwana 180 da kasa biyan farko. Wannan ƙidaya ba ta komawa baya, ko an biya wani abu, ko an sayar da bashin ga wani kamfani. Saboda haka ɗalibinmu, in a Texas ya ke kuma ya bar makaranta a 2015, ƙofar kotu ta rufe wajen 2019, amma sunansa bai wanku ba sai wajen 2022.

Duk wannan fa maganar kuɗin da makaranta ta ke bi ne. Rancen karatu na Gwamnatin Tarayya dabam ya ke, don majalisa ta soke masa wa'adi tun 1991. A 2005, cikin shari'ar Lockhart, Kotun Ƙoli ta yarda gwamnati ta yanki kuɗin tallafin tsufa da naƙasa na mutum don rancen da ya haura shekara 10. Jami'o'in jiha ma, a waɗansu jihohi, ana ɗaukar bashinsu a kan bashin hukuma ne, wanda ba ya tsufa, har a kan tare rarar harajin da za a mayar wa mutum.

Saura abu guda, wanda malamanmu ba sa bukatar a yi musu bayaninsa: makaranta ta riƙe takardar sakamako sai an biya. Wannan ba ya neman alƙali, ba ya neman rajista, kuma da can ba shi da wa'adi ko kaɗan. Wata cibiyar bincike, Ithaka S+R, ta ƙiyasta a 2020 cewa ɗalibai wajen miliyan 6.6 ne karatunsu ya maƙale ta haka. Dubi yadda abin ya ke cin kansa: ba takarda ba aiki, ba aiki ba abin biya. Kalifoniya ta hana riƙon daga Janairu 2020, New York ta bi a 2022. Daga 1 ga Yuli 2024 kuma Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta hana riƙe sakamakon zangon da aka biya da taimakon gwamnati, muddin an cika kuɗin zangon. Sai dai ɗalibin da ya zo daga Kano ko Damagaram a kan bizar karatu ba ya samun wannan taimako tun farko, saboda haka ƙa'idar ba ta rufe shi ba. Abin da ya rage masa shi ne dokar jihar da makarantarsa ta ke, in ta yi irin ta Kalifoniya.