Kaushin da Yatsa Zai Iya Ji

Katangar dutsen da ake gani a wasannin kwamfuta, mai tsaga-tsaga da ramuka, yawanci sumul take kamar allo a cikin fayil ɗinta. Kaushin nan wasa ne da haske da inuwa. Wani masani ɗan Amurka, Jim Blinn, ya fito da dabarar a 1978: a bar siffar abu yadda take, a sauya yadda haske ke sauka a kowane ɗigo na fuskarsa, sai ido ya ɗauka akwai tudu da kwari. Tana rage wa kwamfuta nauyi ƙwarai, shi ya sa har yau ba a rabu da ita ba.

Matsala tana tasowa ne ranar da aka ce a fitar da abin daga allo a riƙe shi a hannu. Firintar 3D tana gina abu hawa-hawa, kuma tsarin fayil ɗin da aka fi ba ta, STL, wanda kamfanin 3D Systems ya ƙirƙiro a 1987, ba ya ɗauke da komai sai ƙananan alwatika da aka harhaɗa suka zama raga. Babu launi a ciki, babu inuwa. Sai mutum ya ɓata kwanaki yana ƙawata fatar kada a kwamfuta, na'ura ta miƙo masa kada mai santsi. Bambancin kamar na bangon da aka yi wa zane da fenti ne da bangon tsofaffin gidajen Zariya, inda magini ya tayar da zanen da laka har hannu yana iya bin sa.

Maganin ya samo asali ne daga aikin wani masani, Robert Cook, na 1984. Ana ɗaukar hoto mai launin toka-toka a mayar da shi taswirar tsayi: fari tudu, baƙi kwari. Manhaja irin su Blender, wadda kyauta ce, tana bin kusurwoyin ragar ɗaya bayan ɗaya tana tura kowace waje gwargwadon hasken da ke kanta. Amma sai akwai kusurwar za a tura ta, don haka dole a fara daddatsa ragar. Kowane zagaye na datsa yana mayar da alwatika ɗaya huɗu. Akwati mai alwatika 12, bayan zagaye 10, ya haura miliyan 12, kuma da yake kowace tana cin bayit 50, fayil ɗin ya wuce megabayit 600.

A ganina, wurin da aka fi tafka kuskure shi ne zaɓen hoton. Hoton da aka ɗauka da waya ba taswirar tsayi ba ne. Baƙin tabo a jikin dutse zai koma rami, ƙyallin rana ya koma ƙullutu, alhali babu ko ɗaya a ainihin dutsen. Ko an sami taswira ta gaskiya, akwai batun zurfinta: hoto mai bit 8 matakan toka 256 kaɗai gare shi, sai gangara mai laushi ta fito kamar matakala, mai bit 16 kuwa yana da 65,536.

Daga nan sai iyakar na'urar kanta. Firintar da ke narka zaren roba yawanci bakinta milimita 0.4 ne, kaurin kowane hawa kuma wajen milimita 0.2. Duk wani zane da ya fi wannan siranta ya ɓata, ko da an zuba masa alwatika miliyan nawa. Firintocin da ke amfani da ruwan roba mai daskarewa da haske suna sauka zuwa milimita 0.05. Tudun da ya karkato waje fiye da digiri 45 yana neman tokari, in ba haka ba ya zubo. Ragar kuma dole ta kasance a rufe ruf, domin turin kusurwoyi yakan yage ta a mahaɗa, na'ura ta kasa gane ciki da waje.

Abin da ya sa nake ganin aikin ya wuce na ado shi ne makafi. A 2015 gidan tarihi na Prado da ke Madrid ya baje kwafin wasu shahararrun zane-zanensa masu tudu da kwari domin makafi su shafa, ta wata dabarar bugu mai kusanci da wannan. A nan cunkushe zane da ƙananan bayanai cutarwa ce, domin yatsa ba ya rarrabe abin da ido ke rarrabewa. Ɗigogin rubutun makafi tazarar da ke tsakaninsu kusan milimita 2.5 ce, tsayinsu kuma wajen rabin milimita. Wanda zai buga wa ɗaliban makarantar makafi taswirar ƙasa sai ya share yawancin kaushin, ya ƙara wa koguna zurfi, ya ɗaga duwatsu fiye da ma'auninsu na gaskiya, sannan ya ba ɗalibi ya shafa kafin a buga sauran.