Zaman Gida a Lokacin Dusar Ƙanƙara da Haɗarin Garwashi a Ɗaki

A ƙasashen da sanyi ke tsananta, irin su Kanada da Amurka da arewacin Turai, akan wayi gari dusar ƙanƙara ta toshe hanyoyi, hukumomi su rufe makarantu da ofisoshi, su umarci jama'a da zaman gida na kwana biyu ko uku. Hutu ne da ba a shirya masa ba, wanda yawanci kan ƙare a barci da karatu da girki da hira da 'yan'uwa ta waya, kuma babu aibi a cikin waɗannan. Matsala takan faro ne idan wutar lantarki ta ɗauke, na'urar ɗumama gida ta tsaya, mutane suka taru a ɗaki ɗaya suna neman ɗumi da abin ɗebe kewa.

A irin wannan hali baƙin da suka fito daga ƙasashe masu zafi, har da ɗalibai da ma'aikata Hausawa mazauna can, suna cikin haɗari na musamman, domin wanda ya tashi yana jin ɗumi da kaskon garwashi a lokacin hunturu ba ya ganin laifin shigo da gawayi falo don dafa shayi ko gasa nama ko hura shisha. Abin da yake mantawa shi ne ɗakin ƙasarsa yana shan iska ta ƙarƙashin ƙofa da rufi, alhali gidajen can an gina su ne a toshe ruf don kada zafi ya fita. Duk wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da kabon monoksayid, wato wata iskar guba marar launi marar wari, wadda ke manne wa sinadarin jinin da ke ɗaukar iskar shaƙa da ƙarfin da ya ninka na iskar shaƙar kanta fiye da sau 200. Takan fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, alamomin da ake ɗauka mura ce ko gajiya, sai mutum ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, kuma wanda ya yi barci a cikinta ba lalle ne ya farka ba.

Abin takaici shi ne darasin ba sabo ba ne, tunda labarin iyalan da hayaƙin janareta ya hallaka cikin dare sananne ne a Nijeriya. A watan Fabrairun 2021, lokacin da guguwar sanyi ta katse wa miliyoyin gidaje wuta a jihar Texas, fiye da mutum 1,400 ne suka nemi agajin gaggawa saboda wannan iskar guba, kuma daga cikin mutum 246 da hukumar lafiya ta jihar ta ƙidaya sun rasu sanadin guguwar, 19 iskar gubar ce ajalinsu. Wasu sun kunna mota a rufaffen gareji don su ji ɗumi, wasu kuwa sun shigo da murhun gashi cikin gida. A yankin Buffalo na jihar New York, a Disambar 2022, an sami wanda ya rasu saboda dusar ta toshe bututun da ke fitar da hayaƙin na'urar ɗumama gidansa.

Ganganci ne mutum ya ce ai ya ɗan buɗe taga, domin hakan ba ya isa. Gawayi ba ya shiga ɗaki ko gareji ko kaɗan, murhun gas na girki ba abin ɗumama gida ba ne, janareta kuwa wurinsa waje ne, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Ya kamata kowane gida ya kasance da ƙararrawar gano wannan iska, mai aiki da batir, kuma mai cire mata batir don ƙararta ta dame shi ya jefa maƙwabtansa ma cikin haɗari. Ɗumi ana samunsa da barguna da tufafi bisa tufafi, a kuma riƙa fita ana share dusar daga bakin bututun hayaƙi da salansar mota kafin a tayar da ita. Idan mutum biyu ko uku a gida ɗaya suka kamu da ciwon kai lokaci guda, a fita waje nan take, a kira 911 a Amurka da Kanada ko 112 a Turai, kada a koma ciki sai ma'aikatan kashe gobara sun auna iskar gidan.