Awa huɗu a Tromso: Yini guda a jirgin ruwan da ba ya jiran kowa

A watan Yuni, duk wanda ya kwana a jirgin ruwan da ke bin gaɓar tekun ƙasar Norwe zai farka ya rasa gane ko gari ya waye. Hasken da ya bari a taga lokacin da ya kwanta shi ne zai tarar da asuba, domin a can ƙuryar arewa rana kan shafe makonni ba ta faɗi ba. Idan rana ta daina raba dare da yini, sai agogon jirgi ya zama shi kaɗai ne mai faɗa a ji, kuma a kansa ne dukan yinin matafiyi ke tafiya.

Sunan wannan hanya Hurtigruten, wato hanya mai sauri. Wani matuƙin jirgi mai suna Richard With ne ya buɗe ta a 1893, tsakanin Trondheim da Hammerfest, a zamanin da wasiƙa kan yi watanni a lokacin hunturu kafin ta isa arewa. A yau tana tashi daga Bergen har zuwa Kirkenes, dab da iyakar Rasha, tana tsayawa a tashoshi 34, kuma zuwa da dawowa kan ci kimanin kwana goma sha biyu. Tun daga 2021 wani kamfanin, Havila, ya shigo yana raba hanyar da tsohon kamfanin.

Jirgin hutu, jirgin aiki

Abin da ya bambanta waɗannan jirage da manyan jiragen shaƙatawa na Bahar Rum shi ne har gobe suna ɗaukar kaya da motoci da mutanen gari. Da sassafe jirgin da ya nufi arewa kan tsaya a Harstad. Yayin da baƙi ke karin kumallo a sama, a ƙasa an buɗe ƙofar kaya, ƙananan motocin ɗaukar kaya na shiga suna fita, ga ɗalibi da jakarsa, ga dattijuwa za ta garin gaba. Da hantsi a sake tsayawa a Finnsnes, ƙofar shiga tsibirin Senja. A wasu tashoshin tsayuwar ba ta wuce minti goma sha biyar, don haka mai hankali kan tsaya a kan bene ya yi kallo.

Teburin abinci ma labarin gaɓar yake bayarwa, domin kifi ne sarkinsa. Kwana guda kafin nan jirgin ya ratsa tsibiran Lofoten, inda ake shanya kifi a kan manyan ragayen katako har iska ta busar da shi. Wannan busasshen kifin, musamman kawunansa, shi ne ake gani a kasuwar Wuse, kuma Najeriya na cikin manyan masu sayensa. Musulmi ba zai rasa abin ci ba, sai dai ya riƙa tambaya, domin naman alade na shiga cikin yankakken naman da ake jerawa da safe.

Sauka a Tromso

Bayan ƙarfe biyu na rana jirgin kan shigo Tromso, birnin da ke kimanin kilomita 350 arewa da da'irar Aktik. Tashar ba ta daskarewa ko a tsakiyar hunturu, albarkacin ruwan ɗumi da ke gangarowa daga Tekun Atlantika. Nan ce babbar tsayuwar yinin, kusan awa huɗu. A bakin tsani akan nuna katin jirgi a na'ura, ita ce shaidar wanda ya fita da wanda ya dawo, kuma akan rubuta lokacin tashi ƙarara a gaban kowa.

Daga nan sai zaɓi, domin awa huɗu ba ta isa a ga komai. Mai son gani daga sama sai ya haye gadar Tromso, wadda aka buɗe a 1960, tsawonta ya ɗan haura kilomita guda. A wancan ƙetaren akwai majami'ar nan mai fararen kusurwoyi da aka kammala a 1965, a bayanta kuma keken igiya na Fjellheisen, mai ɗaukar mutane zuwa kan dutse mai tsayin mita 421, inda birnin da tsibirinsa da jirgin da aka baro duk ke shimfiɗe a ƙasa. Mai son tarihi kuwa sai ya tsaya a gidan adana kayan tarihin tafiye-tafiyen ƙanƙara da ke bakin tasha. Daga wannan birni ne Roald Amundsen, wanda ya fara isa ƙuryar kudancin duniya a 1911, ya tashi a jirgin sama a watan Yunin 1928 don neman wasu da suka ɓata, bai kuma dawo ba.

Akwai kuma masallacin Alnor a tsakiyar gari, ɗaya daga cikin masallatan da suka fi kusa da ƙuryar arewa a duniya. Daga wajen ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli babu faɗuwar rana da za a duba a yi magariba, kamar yadda daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu ba ta fitowa. A irin waɗannan makonni jama'ar masallacin kan bi jadawalin Makka. Ashe ko salla a nan agogo ne ke kiranta.

Ƙahon tashi

Tarkon wannan yini shi ne haske. Ƙarfe biyar da rabi ta yi, amma sama na nuna kamar azahar, sai mutum ya shagala a kan dutse yana ɗaukar hoto, ya manta akwai layin sauka, akwai gada, akwai tafiya. Jirgin kuwa yana da tasha a gabansa, da kaya da mutanen da ke jiransa a Skjervoy cikin daren. Wanda aka bari a kan gaɓa, da aljihunsa zai nemi mota ko jirgin sama ya tari jirgin a gaba, a ƙasar da ta yi suna wajen tsada, alhali jakarsa na can cikin ɗaki tana tafiya.

Ma'aikacin da ya saba da taron ƙarfe goma da ba a buɗewa sai babban baƙo ya iso, ko hadimin da aikinsa ne ya buga waya a ce a dakata, zai ga abin da bai saba gani ba. A nan babu muƙamin da ke tsayar da tsani. Bahaushe dai ya riga ya faɗa, zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri.

Sai dai a cikin wannan tsananin ne hutun yake. Da zarar an janye tsani bayan ƙarfe shida, babu sauran shawarar da ta rage wa matafiyi. Ba shi zai nemi hanya ba, ba shi zai tsara gobe ba. Ya ci abincin dare, ya ɗauki rigar sanyi ya hau bene, tsaunukan Lyngen masu rawanin ƙanƙara na wucewa sannu a hankali. Idan aka yi kiciɓis da jirgin da ke komawa kudu, sai a gaisa da ƙaho, fasinjoji na ɗaga wa juna hannu.

Wanda ke da niyyar kashe hutunsa na shekara a wannan hanya, ya tanadi bizar Shengen, da tufafin sanyi ko da bazara ce, da abin rufe ido don barci. Da tsakar dare rana na nan rataye a kan ruwa, ja kamar ta la'asar sakaliya. Labule kawai zai ja ya kwanta, domin da asubar fari jirgin zai shiga Hammerfest.