Ranar da muka sauke kwanon baƙin man motar Kawu

Tabo ne baƙi ƙirin, faɗinsa bai wuce na faifai ba. Shi muka tarar a ƙarƙashin motar Kawunmu da sassafe, lokacin da muka fito da bokiti za mu wanke ta. Motar Golf 3 ce, irin waɗanda suka cika tashar Birnin Gwari, kuma da ita yake jigilar fasinja zuwa Kaduna da Funtuwa. Daga cikinta abincin gidan yake fitowa, daga cikinta ake biya mana kuɗin makaranta.

Mu uku ne a wurin: ɗalibin jami'a ɗaya da ya zo hutu daga Zariya, sai 'yan sakandare biyu, ɗan SS1 da ɗan SS2. Da muka kira Kawu, ya durƙusa ya dangwali tabon da yatsa, ya sunsuna, sai ya ce: "Baƙin mai ne. Jiya da yamma bayan mun wuce Dogon Dawa na faɗa wani rami, na ji dutse ya daki cikinta."

Ya zaro geji ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Man bai ko kai layin ƙasa ba. Ƙaraminmu ya ce, "Kawu, ai sai a ƙara mai ku tafi, in kun dawo a gyara." Kawu ya dube shi ya ce, "Auta, in ta buga mini a tsakiyar daji da mutum shida a ciki, kai za ka zo ka ɗauke mu?"

Duk ɗan Birnin Gwari ya san abin da yake nufi. Daga garin zuwa Kaduna ya haura kilomita 100, ta Udawa da Buruku, kuma akwai wuraren da za a yi tafiya mai nisa ba gida gaba ba gida baya. Dajin Kamuku, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, ya shafe shekaru yana zama maɓoyar 'yan bindiga. Tun da aka yi sulhu, Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara a watan Nuwamban 2024, zirga-zirga ta ƙaru, amma har yau ba direban da ke son motarsa ta mutu a hanya rana na shirin faɗuwa. Don haka Kawu ya fasa lodin ranar. Shi da ya yi shekaru yana yaron gareji kafin ya kama tuƙi, ya shiga ɗaki ya fito da akwatin sifanoninsa, ya ce yau mu ne yaransa.

Mene ne wannan kwanon?

Makanikai suna kiran sa botom filet. Wani kwanon ƙarfe ne da ake ɗaurewa a can ƙasan inji, kuma a cikinsa baƙin mai yake taruwa. Injin Golf 3 yana cin kimanin lita 4. Da an tayar da mota, famfon mai zai zuƙo man ta wani bututu mai rariya a baki, ya tura shi cikin filta, daga nan ya bi ƙananan hanyoyi zuwa duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, sannan ya gangaro ya dawo cikin kwanon. Haka yake ta zagayawa har a kashe mota.

Ku tuna darasin gogayya da kuka yi a Fiziks. In inji yana juyi 3,000 a minti ɗaya, ke nan karanshaf yana juyawa sau 50 a kowace daƙiƙa. Abin da ya raba shi da ƙarfen da yake kwance a kai wani ɗan siririn mai ne da bai kai kaurin gashi ba. In man nan ya yanke, ƙarfe zai ci ƙarfe, zafi ya tashi, cikin 'yan mintoci a ji ƙwanƙwasa. Shi ne ake cewa inji ya buga, kuma kuɗin gyaransa ya ninka na gasket da galan ɗin mai sau da yawa.

Tun da kwanon ne a can ƙasa, shi dutse yake fara samu. Na Golf 3, wadda kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara ƙerawa a 1991, farantin ƙarfe ne, yakan lotsa. Na Golf 4 da ta biyo baya a 1997 galibi alminiyum ne, shi kuwa ba ya lotsawa, tsagewa yake yi.

Kafin a shiga ƙarƙashi

A nan ne Kawu ya ɗaure fuska. Muka tura motar zuwa inda ƙasa take da tauri kuma a baje. Ya ja birkin hannu, ya sa giya, muka sa weji a bayan tayoyin baya, ya cire kan batir. Bayan ya ɗaga gaban da jak, muka ɗauko bulo za mu tokare. Ya daka mana tsawa: "Ku mayar! Bulo ba ya sallama in zai fashe." Sai ya sa muka kawo guntayen katako masu kauri, ya jera su a ƙarƙashin ƙarfen jikin motar hagu da dama, ya sauke nauyinta a kansu, ya kama ta ya girgiza da ƙarfi. Da ya ga ba ta motsa ba, sannan ya yarda a shimfiɗa kwali.

Ƙannenmu, ku riƙe wannan ko da kun manta sauran. Golf ta fi tan ɗaya nauyi. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Kuma wannan ba aikin da yaro zai yi shi kaɗai ba ne, sai da babba wanda ya san aikin a tsaye.

Saukewa

Da sifana mai lamba 19 muka kwance notin juye mai, muka tara roba. Yawanci akan ɗan ɗumama inji don man ya tsinke, amma da yake namu ya yi ƙasa sosai, Kawu ya hana a tayar. Muka jira shi yana zuba a hankali. Wanda kuma ya dawo daga tafiya, ya bar motar ta huce tukuna, domin man injin da ya yi aiki zafinsa yakan kusa na tafasasshen ruwa. Abin da ya fito bai fi lita biyu da rabi ba.

Notunan da ke riƙe da kwanon sun kusa ashirin, masu lamba 10. Muka zana siffar kwanon a jikin kwali, duk wanda muka cire sai mu soka shi a gurbinsa, don kada ɗaya ya ɓace cikin yashi. Guda biyu na wajen giyabos ne suka ba mu wuya, sun ɓuya a lungu, sai da Kawu ya haɗa soket da dogon hannu. Ya sa muka bar guda biyu a kusurwa da kusurwa har ƙarshe, don kada kwanon ya faɗo a fuskar wanda ke kwance.

An gama kwancewa amma kwano ya ƙi sauka, tsohon gasket ya manne. Ɗan SS2 ya ɗauko sukundireba zai cusa ya ɓanɓare. Kawu ya riƙe hannunsa. In aka karce bakin inji ko aka lanƙwasa leɓen kwanon, an buɗe wa mai sabuwar hanya ke nan. Katako ya kara a gefe, ya ɗan bubbuga da guduma, sai ga shi ya saki.

Abin da muka gani a ciki

Dutsen bai huda kwanon ba. Ya dai lotsa shi daga gaba, lotsawar ta ja leɓen ya karkace, gasket ya buɗe. Ta nan man yake tsiyaya. Amma abin da ya sa Kawu salati yana wani wurin. Rariyar famfon mai ta kusa toshewa da guntayen jan gam, wasu kamar tsutsotsi. Wani makanike da ya taɓa sauke kwanon a baya ya lafta gam da yawa, da ya ɗaure sai rarar ta matso ciki, ta bushe, ta gutsuttsure, famfo ya zuƙe ta.

"Ashe shi ya sa 'yar butar nan take ƙyafta mini ido in na tsaya a go-sulo," in ji Kawu. Yana nufin jar fitilar mai da ke kan dashbod, mai hoton buta. Ya ɗauka waya ce ta sami matsala. Ga shi kuma lotsawar ta ture ƙasan kwanon ya kusa manne wa bakin rariyar, alhali tazarar da ke tsakaninsu da ma 'yar kaɗan ce. Da ya ƙara mai ya kama hanya kamar yadda muka ba shi shawara, da kwano na cike famfo na jin ƙishirwa.

Muka tace ragowar man da ke gindin kwanon a rana, muna neman ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli, muka kuma zagaya da maganaɗisu. In da mun ga ɓurɓushi mai yawa, musamman mai launin tagulla, da alama ce inji ya fara cin kansa, aiki ya wuce na gida. Alhamdu lillahi, ba mu ga komai ba sai laka.

Gyara da mayarwa

Muka wanke kwanon da rariyar da kananzir, nesa da murhu. Kawu ya kifa kwanon a kan katako ya fitar da lotsawar da guduma a hankali, ya daidaita leɓen, yana gwadawa da rular ƙarfe ta cikin akwatin lissafin Auta har ya daina ganin haske a ƙarƙashinta. Ya zuba kananzir a ciki muka ajiye a kan busasshen kwali na rabin awa. Bai jiƙe ba. Da ya jiƙe, da sai wurin mai walda ko a sayi wani.

Muka kankare tsohon gasket daga bakin inji da guntun roba mai tauri, muka goge da tsumma har ya bushe ƙarau. Sabon gasket muka sa, gam kuwa ɗan ɗigo kawai Kawu ya shafa a wuraren da ƙarfe biyu suka haɗu a bakin injin. Ya ce kada mu ɗaure ko ɗaya da sifana sai duk notunan sun shiga da hannu, domin notin da ya shiga a karkace yakan cinye zarensa. Daga nan muka fara ɗaurewa daga tsakiya, ɗaya a hagu ɗaya a dama, muna yin waje, zagaye biyu. In aka bi su a jere, gasket yakan tattare a gefe guda.

Nawa ne ƙarfin ɗaurin? Littafin gyaran motar ya ce Newton-mita 20 ga notunan kwano, 30 ga na juye mai. Ba mu da sifana mai awo, sai muka koma lissafin aji. Ƙarfin murɗawa shi ne ƙarfin hannu sau tsawon sifana. Sifanarmu santimita 20 ce, wato mita 0.2. In aka raba 20 da 0.2 za a sami Newton 100, kwatankwacin nauyin ruwa lita 10. Ashe ba aikin ƙarfi ba ne. Kawu ya yi dariya ya ce shi hannunsa ya san wannan awon tun kafin a haife mu.

Muka canza filta, muka zuba sabon mai mai lamba 20W-50, muka sauke motar, aka mayar da kan batir. Kawu ya yi bisimilla ya murɗa makulli. 'Yar buta ta kama, cikin daƙiƙa uku ta mutu. Muka bar injin ya yi aiki na minti goma, muka kashe, muka jira man ya kwanta, muka duba geji, muka cika. Da daddare muka shimfiɗa sabon kwali a ƙarƙashi.

Namu kuskuren

Da asuba sai ga ɗigo uku a kwalin. Gabanmu ya faɗi. Muka haska leɓen kwanon ko'ina a bushe, ashe daga notin juye mai ne. Ana cikin jajantawa Auta ya sa hannu a aljihu ya fito da sabuwar wosha ta tagulla, wadda Kawu ya ba shi ajiya jiya. Ita ce take lotsewa tsakanin noti da kwano ta toshe hanya, mu kuwa doki ya sa mun ɗaura babu ita. Dole muka sake juye man a roba mai tsabta, muka sa woshar, muka mayar da shi ta mazurari. Kawu bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Gara da ta nuna mana a ƙofar gida."

Tsohon man kuwa a jarka muka zuba muka kai gareji. Ba a zubar da shi a kwata ko kusa da rijiya, domin yana ɓata ruwa da ƙasar noma, kuma yawan taɓa shi da hannu yana cutar da fata.

Abin da za ku iya yi tun yanzu

Ba sai kun shiga ƙarƙashin mota ba. Da safe ku leƙa inda motar gidanku ko babur ya kwana, ko akwai tabo. Ku roƙi Baba ko Yaya ya koya muku karanta geji. In kuna cikin mota kuka ga 'yar buta ta kama ana tafiya, ku gaya wa direba cikin ladabi, domin wannan fitilar ba ta jiran a kai gari. Masu sha'awar sana'ar kuma su sani kanikancin mota darasi ne da ake rubuta jarrabawarsa a NABTEB, kuma daga nan akan wuce har fannin injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna.

Kawu ya yi asarar lodin kwana ɗaya da rabi. Ranar da ya koma hanya, bai shigo gida ba sai gab da magariba, da ledar lemo a hannu. Kafin ya gama alwala Auta ya riga ya tura kwali ƙarƙashin motar. Washegari muka jawo shi, fes, ko ɗigo babu.