Ranar Intabiyu a Masana'antar Cif: Inda Kunya Ke Kayar da Gwani

Tun da Amurka ta kafa dokar CHIPS a watan Agustan 2022, ta ware sama da dala biliyan 52 don a riƙa ƙera cif a gida, wato 'yar ƙwayar nan da ke zama ƙwaƙwalwar waya da mota, sai ƙofar aiki ta buɗe. Ga kamfanonin cif: TSMC na Phoenix, Intel na Chandler, duk a jihar Arizona, Samsung kuma na Texas. 'Ya'yanmu da suka karanci injiniya a Zariya ko Kano, suka ƙaro digiri a Amurka, suna cikin masu ƙwanƙwasa wannan ƙofa. Lokaci kuwa ba ya jiran su: ɗalibin kimiyya da ya gama karatu yana da izinin aiki na wata 12, da ƙarin wata 24. Kafin su cika dole a sami kamfanin da zai tsaya masa kan biza.

Tambayoyin ilimi ba su cika ba su tsoro ba. Za a ce: ga faifan silikon mai faɗin milimita 300, ɗaruruwan cif a kansa, jiya galibinsu lafiya, yau na bakin gefe duk sun lalace, daga ina za ka fara? Ana so a ji ka nemi wace na'ura ce faifan ya bi, me aka sauya, zanen ma'auni me ya nuna. Wanda ya saba haɗa gwaji da kayan da ba su cika ba, ga wuta na ɗaukewa, ya iya bin sawun matsala.

Inda gizo ke saƙar shi ne idan aka ce, “Ba mu labarin wata matsala da ka warware.” Yaron da aka tarbiyyantar kan cewa yabon kai jahilci ne sai ya sunkuyar da kai, ya ce “mun yi”, “Allah ya taimake mu”. Ladabi ne a gidansu. Su kuwa masu intabiyun da ke zaune gabansa, abin da suke rubutawa shi ne: bai kalle mu ba, ba mu san abin da shi ya yi ba. Wannan yana ci mini rai, domin sau da yawa shi ɗin ne ya kwana kan aikin. A ganina faɗin “ni na gano, ni na gyara” ba fahariya ba ce idan gaskiya ce. Shaida ce aka nema.

Kunyar nan kuma takan hana tambayar abin da ya kamata. Masana'antar ba ta barci, wasu ma'aikatan sa'o'i 12 suke yi a jere, cikin farar rigar da ke rufe mutum daga kai har ƙafa, gemu ma da marufinsa, don ƙura ɗaya na iya ɓata cif. Fita salla na nufin tuɓewa da sake shiri. Juma'a fa? Azumi fa? Mai hijabi, wane yadi aka amince ta sa a ƙarƙashin hular? Dokar Amurka ta 1964 ta wajabta wa kamfani ya yi sassauci kan addini matuƙar ba zai takura aikin sosai ba. Gara a yi maganar da zarar tayin aiki ya zo, kafin a sa hannu, da a bari sai azahar ɗin farko ta riski mutum cikin farar riga.