Gugan da Ke Shiga Rijiya Ba Ya Ƙandarewa

Duk wanda ya tashi a gida mai rijiya ya san halin gugan fata. Muddin kullum ana zura shi ana jawo ruwa, yana nan da laushinsa. Amma a rataye shi a ƙusa lokacin hunturu a manta da shi, sai a tarar ya bushe ya ƙandare, bakinsa ya murɗe. Jikin mai cutar Parkinson haka yake, kuma sau da yawa mu masu ƙaunarsa ne ke rataye shi.

Wani likita ɗan Landan, James Parkinson, shi ya fara bayyana cutar a rubuce a 1817. Tushenta a ƙwaƙwalwa yake: ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin, wanda ke daidaita motsin jiki, suna mutuwa sannu a hankali. Daga nan sai hannu ya riƙa karkarwa ko mutum na zaune, gaɓoɓi su sandare, taku ya gajarce, murya ta yi ƙasa, rubutu ya ƙanƙance. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 masu fama da ita sun haura miliyan 8.5. A wajenmu kuwa akan ce tsufa ne, ko sammu, ko iska, har lokaci ya ƙure ba a je asibiti ba.

Da zarar an ga Baba na jan ƙafa, sai tausayi ya motsa. "Baba, zauna ka huta." "Kawo butar, ni zan ɗauko maka." "Yi sallarka a gida, kada ka faɗi a hanya." Niyya mai kyau ce, amma kowace rana da ya wuni a kan tabarma, tsokokinsa na ƙara ɗaurewa, ƙarfin cinyarsa na zubewa, faɗuwar da ake gudu kuma tana ƙara matsowa.

Har yau ba a samu maganin da ke warkar da cutar ba. Levodopa, wanda aka fara amfani da shi tun shekarun 1960, yana sassauta alamominta ƙwarai, amma ba zai miƙa wa mutum kafaɗa ba. Wannan aikin motsa jiki ne. Masana na ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako, wato kamar rabin awa sau biyar.

Sai dai mai hankali ba ya fizgar busasshen guga da ƙarfi, don zai tsage. Jiƙa shi ake yi, a murza a hankali. To, haka za a bi da jiki. A zaɓi lokacin da magani ya kama, jiki ya saki. Mai cutar ya zauna a kujera mai ƙwari, ya juya wuya dama da hagu, ya ɗaga hannuwa sama, ya buɗe ƙirji ya ja kafaɗu baya, domin cutar na son ranƙwafar da mutum. Kowace miƙa a riƙe ta kamar daƙiƙa 30, ba tare da an kai ga zafi ba. Ya tashi daga kujera ya koma, sau goma. In zai yi tafiya, ya yi taku manya-manya, diddige ya fara sauka, hannuwa na lilo. Idan ƙafa ta kafe a bakin ƙofa, kada a ja shi. Ya tsaya, ya karkata nauyinsa gefe zuwa gefe, ya ƙirga "ɗaya, biyu" da ƙarfi, ko a ja masa layi a ƙasa ya tsallake. Karatu da ɗaga murya ma motsa jiki ne ga maƙogwaro da fuska.

Kafin a fara, a nemi likitan fisiyo ya tsara abin da ya dace da ƙarfin mutum. A kawar da tabarmi masu naɗewa da igiyoyin da ke kan hanya.

Ɗan'uwa, in akwai mai wannan larura a gidanku, kada ka karɓe masa duk aikinsa. Ka bar shi ya ɓalla maɓallin rigarsa ko zai ɗau lokaci, ka jera da shi zuwa masallaci kana daidaita takunka da nasa. Gobe da safe ku fara, ko da minti goma ne.