Neman Riba ko Magance Matsala: Me Ke Jan Ɗalibi?

A jami'o'in Nijeriya, darasin koyon kasuwanci ya zama dole ga kowane ɗalibi, komai fannin da yake karanta. Amma da an zo kan irin sana'ar da za a kafa, sai ɗalibai su rabu gida biyu.

Mafi yawansu kasuwancin da aka gada suke so: a saro, a sayar, a ci riba. Dalilinsu a fili yake. Wanda kuɗin makarantarsa ke fitowa daga gyaran waya ko sayar da hijabai, ga ƙanne a gida, ga uwa na jiran ya gama, ba zai iya zaman jiran ribar shekara biyar ba. Wani kuma a shagon babansa na Kantin Kwari ya tashi, ciniki ya san shi tun yana ƙarami.

Sauran kuwa wata damuwa ce ke tunkuɗa su. Bilikiss Adebiyi-Abiola tana ɗaliba a MIT da ke Amurka ta faro kamfanin Wecyclers, wanda ya fara aiki a Legas a 2012. A lokacin ana bin unguwannin talakawa da kekuna a karɓi robobi da gwangwanaye, a ba masu gida maki su musanya da kaya, sannan a sayar wa masana'antu sharar. Titi ya tsabtata, kamfani ya samu kuɗin shiga. Irin wannan ɗalibi galibi ya ga matsalar da idonsa, kuma ladan taimako na cikin lissafinsa.

Akwai dalili na uku da ba a cika faɗa ba: tallafi. Gasar Hult Prize na ba ɗaliban da suka yi nasara dala miliyan 1, kuma masu ba da tallafi sun fi sauraron wanda ya ce al'umma zai taimaka. Shi ya sa wasu ke yi wa sana'arsu ado da kalmomin taimako alhali takardar neman kuɗi kawai suke cikawa. Da tallafin ya ƙare, shago ya rufe.

Ni dai ban ga laifin mai neman riba ba; wanda ya ɗauki yara uku aiki a shagonsa ya taimaki gida uku. Ɗalibi, kafin ka zaɓa, zauna ka lissafa wanda zai sayi kayanka da kuɗin aljihunsa idan babu mai tallafi.